Kainji ya haura shekara 50: me ya kamata a fara gyarawa?

Tambaya: Ranka ya daɗe Injiniya, ni malamin makaranta ne, iyayena suna noman shinkafa a fadamar kogin Neja, ƙasa da Jebba. Tun da dam ɗin Alau ya ɓalle ya mamaye Maiduguri hankalinmu bai kwanta ba. An ce Kainji ya haura shekara 50. Shin bai tsufa ba? Kuma gyaran da muke ji ana yi na sabunta injina, ya isa ya kare mu, ga shi damina ta rikice?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya tsare su Baba da amfaninsu. Irin wannan tambayar ce ya kamata duk mai kwana a ƙarƙashin dam ya riƙa yi, kuma ba kasafai ake tsayawa a ba ku amsa ba. Na yi shekaru ina aikin duba lafiyar madatsun ruwa, manya da ƙanana, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne yawan shekaru ba shi ke karya dam ba. Abu biyu ke karya shi: sakaci da ƙananan abubuwan da ido ba ya kai wa, da ruwan da ya fi ƙarfin hanyar da aka tanadar masa ta fita. Sabunta injina aiki ne mai kyau, yana ƙara wuta, amma ba shi ne zai kare gonar Baba ba.

An fara ginin Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tsakiyarsa kankare ne, a nan gidan injina da ƙofofin sakin ruwa suke. Hagu da dama tudu ne na dutse da ƙasa da aka daddale, ga kuma wani tudun can gefe da ya toshe wani kwari don kada ruwa ya zagayo ta baya. Tafkin ya fi kilomita 130 tsawo, har wajen Yawuri, kuma in ya cika yana riƙe da ruwa kimanin kubik mita biliyan 15. Shi ya haɗiye tsohuwar Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000. An yi wa gidan injinan gurabe 12, aka sa 8, masu ƙarfin megawat 760. Jebba ya biyo baya a 1985 da injina 6, megawat 578, sai Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990 da megawat 600, ga Zungeru da ya shigo daga baya da 700.

Dam ba abu ɗaya ba ne da za a ce ya tsufa gaba ɗaya kamar mota. Kankare da dutse da ƙasa, in an kula da su, suna wuce shekara 100. Ƙarfen ƙofofi da sarƙoƙinsu da robar da ke toshe gefensu ba sa kai rabin haka ba tare da babban gyara ba. Injin da janareta su ma bayan shekara 30 zuwa 40 sai an kwance su. Na'urorin sarrafawa kuwa, kafin shekara 20 ka nemi kayan gyaransu a kasuwa ka rasa. Saboda haka in an ce maka an sabunta dam, tambayar farko ita ce: wane ɓangare?

Ɓangaren injina shi ya fi samun gata, kuma dalilin a fili yake: shi ke kawo kuɗi. Lokacin da aka miƙa Kainji da Jebba ga kamfanin Mainstream a ƙarshen 2013, mafi yawan injinan Kainji a tsaye suke, kuma tun daga nan ake ta farfaɗo da su ɗaya bayan ɗaya, wasu da rancen Bankin Duniya. A Ghana an yi irin wannan a Akosombo, wanda aka kammala a 1965: aka sauya farfelun injinan guda 6, aikin ya ƙare a 2005, ƙarfin tashar ya tashi daga megawat 912 zuwa 1,020 ba tare da an ƙara ko bulo ɗaya a jikin dam ɗin ba. Wannan riba ce mai sauƙi, kuma ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Akwai ma tsaro a ciki, domin injin da aka bari yana karkarwa kan iya kisa. A Rasha, ran 17 ga Agustan 2009, a tashar Sayano-Shushenskaya, kusoshin murfin wani injin da ya daɗe yana jijjiga suka gaji suka tsinke, ruwa ya cilla injin sama ya cika gidan, mutum 75 suka rasu. Amma ka lura, waɗanda suka rasu ma'aikatan cikin tasha ne. Ku da ke ƙasa, abin da ya shafe ku yana wani wurin.

Yana wajen mafitar ruwa. Kowane dam yana da hanyar da rarar ruwa ke bi ta wuce idan tafki ya cika. A manyan madatsu irin Kainji da Jebba, manyan ƙofofin ƙarfe ne ake ɗagawa, ruwa ya gangaro ta kan kankare ya faɗa kogi. Ranar da ruwa ya zo ya fi ƙarfin wannan hanya, ko ƙofa ta ƙi ɗaguwa, zai hau saman tudun. Kankare na iya jure ruwa ya bi ta kansa na ɗan lokaci. Tudun ƙasa ba ya jurewa. Ruwan zai fara da yankar ɗan kwari a bayansa, kamar yadda yake zaizayar bakin gona, cikin sa'o'i kaɗan ya buɗe kafa, sauran kuma sai labari. Abin da ya faru a Darna ta ƙasar Libiya ke nan a watan Satumban 2023, inda madatsu biyu da aka gina a shekarun 1970, aka kuma daɗe ba a kula da su ba, suka ɓalle cikin dare ɗaya bayan mamakon guguwar Daniyel. Fiye da mutum 4,000 aka tabbatar sun rasu, dubbai ba a gan su ba har yau. Mu ma a gida mun ga na Bagauda a Kano a 1988, mun ga na Alau a Satumban 2024, shekara 30 bayan ambaliyar da ta taɓa cin Maiduguri a 1994. Alau ba na wuta ba ne, ƙarami ne ƙwarai in an gwada shi da Kainji, amma ka ga abin da ya yi.

Bari in ba ka labarin da har yau yake damuna. Wata shekara, ana saura 'yan makonni damina ta kankama, muka je duba wani dam na ƙasa a Arewa, ba zan kama suna ba. Mai kula da ƙofofin dattijo ne, yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta tsayin ruwa kowace safiya da biro, bai taɓa tsallake rana ba. Na ce masa, Baba, a ɗaga mana ƙofa ta biyu mu gani. Babu wuta. Aka je wajen janareta, babu batir, an ɗauka an sa wa motar ofis. Sai hannu. Majiya ƙarfi huɗu suka kama mariƙin suna juyawa, gumi na zuba, ƙofar ta ɗaga kamar taƙi ɗaya ta cije. Na sa yatsa a haƙoran ƙarfen, giris ɗin ya bushe ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar busasshen yumɓu. Dattijon ya buɗe bayan littafinsa ya nuna mini kwafin takardu uku da ya rubuta wa na sama da shi, shekara uku a jere. Abin da ake buƙata, giris da batir da sabuwar sarƙa da roba, bai kai kuɗin mota ɗaya ba. A ƙarƙashin wannan dam akwai garuruwa.

Kada ka ɗauka wannan ciwon na ƙasashe matalauta ne kawai. Dam ɗin Orobil a Kalifoniya, wanda ya fi kowanne tsayi a Amurka, sa'an Kainji ne, shi ma a 1968 aka kammala shi. A watan Fabrairun 2017 ana cikin sakin ruwa kankaren mafitarsa ya ɓurma. Aka juya ruwan ta mafitar ko-ta-kwana, wadda ba a taɓa amfani da ita ba, sai ga ƙasar da ke bayanta tana zaizayewa da sauri. Cikin yini ɗaya aka kwashe mutum kusan 188,000, gyaran kuma ya ci fiye da dala biliyan 1. Masu bincike sun gano cewa raunin yana nan tun daga gini: kankaren ba shi da kauri, dutsen ƙarƙashinsa ruɓaɓɓe ne, kuma shekara da shekaru ana liƙe tsagar da ke sama ba tare da an tambayi abin da ke jawo ta ba.

Na Kariba, a kan kogin Zambezi tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ya fi koyar da mu, domin can an farga kafin a yi asara. An kammala shi a 1959. Ruwan da ke faɗowa daga ƙofofinsa 6 ya yi ta haƙa dutsen da ke gindinsa har ramin ya kai zurfin kusan mita 80, yana matsowa wajen harsashin. Kankaren kansa kuma yana kumbura a hankali, saboda wani sinadari da ke tsakanin siminti da tsakuwar da aka kwaɓa, har ya soma matse hanyar ƙofofin. Aka haɗa dala miliyan 294 daga Tarayyar Turai da Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da Suwidin da hukumar kogin, aka fara aiki a 2017: aka tsane ramin, aka fasa dutse aka faɗaɗa shi ta yadda ruwan zai kashe ƙarfinsa nesa da gindin, aka kuma shiga gyaran ƙofofin. Wannan aikin bai ƙara megawat ko ɗaya ba. Shi ne ainihin sabuntawar da kake tambaya a kai, kuma irinsa ne ya fi wuyar samun mai biya.

Abu na biyu shi ne ruwan da ke bi ta cikin jikin dam da ƙarƙashinsa. Mutane kan firgita in na ce musu kowane dam yana yoyo. Haka aka tsara shi. A cikin cikin kankaren babban dam akwai wani dogon lungu, kamar zaure marar taga, da ake sauka cikinsa ta matakala. Ko a watan Afrilu sanyi ake ji a ciki, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa da gurnanin injina ta bango. A ƙasan lungun an jera ramuka da aka huda har cikin dutse. Aikinsu su bai wa ruwan da ya kutso ƙarƙashin harsashi hanya ya fito, domin in bai fito ba zai riƙa tura dam ɗin sama kamar yadda kogi ke ɗaga kwalekwale, nauyin da dam ke taƙama da shi ya ragu. Da shekaru, farar ƙasar da ke narkowa daga siminti kan toshe waɗannan ramuka. Za ka haska tocila ka ga bakin rami ya yi fari fat ya bushe, wanda bai sani ba ya ce madalla, yoyo ya tsaya. A wajenmu wannan ne abin tsoro. Sai an kawo injin huda an sake buɗe su.

A tudun ƙasa kuwa, kayan aikina da na fi yarda da shi kwalba ce fara. Ka zagaya bayan dam inda ruwa ke tsattsafowa, ka cika kwalbar, ka ɗaga ta saitin rana. In ruwan garau yake, kuma yawansa bai sauya daga na bara ba a daidai wannan tsayin tafki, to lafiya. In ka ga ya yi gurɓi, ko ka ajiye kwalbar ka dawo ka tarar da laka ta kwanta a gindinta, to ruwan yana kwashe cikin dam ɗin ne cokali-cokali, yana haƙa bututu daga baya zuwa gaba. Wannan ne ya kashe dam ɗin Teton a Amurka ran 5 ga Yunin 1976, kuma sabo ne fil, karon farko ke nan da ake cika shi. Ka ga shekaru ba su ne ma'auni ba. Bishiyar da aka bari ta girma a jikin tudu, in ta mutu saiwarta ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya. Haka gidan gara, haka ramin gafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan zamani ya kawo taimako na gaske. Bututun auna matsin ruwa da aka binne a jikin tsofaffin madatsu tun lokacin gini, da yawansu sun mutu ko sun toshe. Yanzu ana huda sababbi, a sa musu na'urar da ke aika awo kai tsaye zuwa kwamfuta kowace sa'a. Ana iya auna motsin dam da tauraron ɗan'adam har zuwa 'yan milimitoci, a kuma tura na'ura mai kyamara ta nutse ta duba inda mutum ba zai iya zuwa ba. Duk da haka ina gaya wa matasan injiniyoyi, na'ura ba ta maye gurbin mutumin da ke taka dam da ƙafarsa kowane mako, kuma awon da ba wanda ya zauna ya karanta, da shi da babu duk ɗaya.

Yanzu ga batun damina, wanda ka yi daidai da ka haɗa shi da wannan. Kainji yana samun cikowa biyu a shekara, kuma masunta da manoman bakin kogi sun san su tun kafin injiniyoyi su rubuta. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ke zuwa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman da aka yi kusa: ƙasar Sakkwato da Kabi, kudancin Nijar, arewacin Binin da gabashin Burkina Faso. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya bazu a fadamun Mali tsakanin Mofti da Tumbuktu, ya yi watanni yana tafiya yana ajiye lakarsa, sai ya iso mana garau cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan baiwa ce babba, domin ita ke sa Kainji ya sami ruwan wuta a tsakiyar rani. Waɗanda suka tsara dam ɗin sun yi lissafinsu a kan awon kogin na shekarun da suka gabaci 1960, suka fitar da girman ambaliyar da suke ganin ba za a wuce ta ba, suka yanka ƙofofi daidai da ita.

Kogin da suka auna ba shi ne na yau ba. Bayan an gama ginin aka shiga farin shekarun 1970 da 1980, har a watan Yunin 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai. Sai kuma wani abin mamaki ya bayyana. Fari da saran itace da faɗaɗa gonaki sun bar ƙasar Sahel tsirara, ta yi ɓawo, ba ta shan ruwa kamar da. Ruwan saman da a da zai nutse, yanzu gudu yake yi ya faɗa rafi. Rafukan Sirba da Dargol da Goruwal, da ke shiga Neja sama da Yamai, suna kawo ruwa fiye da yadda suke kawowa a shekarun da ake samun damina mai albarka. Ga shi kuma ruwan saman kansa ya sauya hali, abin da ake yi a mako biyu sai a zubar da shi a dare ɗaya. A da, babbar cikowar Yamai ita ce ta hunturu mai zuwa daga Gini. Yanzu ta damina ce ke karya tarihi, kamar a Satumban 2020 da awon kogin ya kai wajen mita 7 a birnin. Duk wannan ruwan Kainji ya nufa, kuma shi ne mai zuwa da gaggawa. Baƙin ruwa ana ganin tahowarsa tun da watanni. Farin ruwa kwanaki kawai yake ba ka.

Saboda haka aikin farko a sabunta kowane tsohon dam, kafin a sayi ko kusa ɗaya, shi ne a sake lissafin ambaliya da awon shekarun nan, a ƙara da hasashen abin da sauyin yanayi zai kawo, sannan a tambaya: ƙofofin nan za su iya fitar da wannan ruwan, ko da ɗaya ta ƙi buɗewa? In amsar a'a ce, akwai hanyoyi. Ana iya yanka ƙarin mafita a gefe, ana iya ƙara wa tudun tsayi, kamar yadda Sudan ta ƙara wa dam ɗin Rusairis mita 10 aka buɗe a 2013, ana iya lulluɓe bayan tudun ƙasa da kankare don ya jure in ruwa ya haura. Mafi arha kuma, a sauya ƙa'idar cika tafkin, a bar wa ambaliya wuri.

Wannan na ƙarshen ya fi sauƙi a baki. Duk ruwan da aka saki ta ƙofa bai bi ta injin ba, wuta ce aka zubar, kuɗi ne aka zubar. Mai sarrafa dam yana tsakanin wuta biyu. In ya saki ruwa da wuri sannan damina ta ɗauke, zai shiga rani da tafki rabi, ƙasa ta zauna a duhu, a zage shi. Zambiya ta ɗanɗana wannan a 2024, lokacin da fari ya janye Kariba har gidaje suka koma samun wuta 'yan sa'o'i kaɗan a yini. In kuma ya riƙe ruwan sannan mamako ya zo a kan cikakken tafki, dole ya buɗe ƙofofi da yawa lokaci ɗaya don ya ceci dam ɗin, na ƙasa su sha. Haka aka yi a Akosombo daga tsakiyar Satumban 2023, garin Mefe da maƙwabtansa suka nutse, dubban mutane suka rasa matsuguni, alhali dam ɗin lafiyarsa ƙalau, injinansa sababbi. A ganina bai kamata a bar wannan hukunci a wuyan mai sayar da wuta shi kaɗai ba, komai kyawun niyyarsa. Ya kamata ƙa'idar ta zama rubutacciya, hukuma ta sa hannu, kowa ya iya karantawa: a ranar kaza ga watan kaza, tafki ba zai wuce tsayi kaza ba. Kuma a haɗa ta da awon da ke zuwa daga sama, daga tashoshin awon kogi na Yamai da Malanbil da Jidere Bode, ta hannun Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe 9 da NIHSA, hukumar awon koguna ta gida. Wutar sola tana da rawar takawa a nan, domin in rana ta ɗauki nauyin yini, ba sai an matsa wa tafki ya cika maƙil ba kafin a sami wutar dare.

Laka ma tana cin nata rabon a ɓoye. Farin ruwa yana sauke yashi da taɓo a bakin tafki kowace shekara, wurin da aka tanada don ruwa yana raguwa. Sai an bi tafkin da jirgi mai na'urar auna zurfi lokaci-lokaci kafin a san ainihin abin da ya rage, in ba haka ba ana lissafi ne da randar da ta riga ta cika rabi da ƙasa.

Ku kuma da ke ƙasa da Jebba, ba dam ɗaya ke bisa kanku ba. Abin da Kainji ya saki, Jebba ba shi da cikin da zai riƙe shi, tafkinsa ƙarami ne, dole ya wuce da shi. In gonarku ta kai wajen Muregi da Fategi, kogin Kaduna ya shigo da na Shiroro da Zungeru. A Lakwaja kuma a haɗu da Binuwai, mai ɗauke da ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru. A 2012 da 2022 waɗannan ruwaye sun haɗu a lokaci ɗaya. A ta farko mutum fiye da 360 suka rasu, a ta biyu fiye da 600. Madatsun nan huɗu na jihar Neja ya kamata a riƙa sarrafa su kamar abu ɗaya a lokacin damina, kada kowa ya buɗe nasa a mako ɗaya.

Ina kuma roƙonka, tunda kai malami ne ana jin maganarka, ka taya mu raba wa mutane abu uku da ake cakuɗawa: an saki ruwa, dam ya fashe, da ruwan sama ya yi ɓarna. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta kashe mutane fiye da 150, nan da nan aka ɗora ta a kan dam a wayoyin mutane. Amma ƙarshen Mayu lokaci ne da tafkin Kainji ke ƙasa, an sha shi duk rani ana yin wuta. Duk sanda aka yi shelar ƙarya cewa dam ya fashe, mutane suka gudu suka dawo ba abin da ya faru, ranar da za a yi ta gaskiya wasu ba za su tashi ba.

Rushe Kainji a gina sabo ba magana ba ce. Babu kuɗin, babu wani wurin da ya fi wannan, kuma ba a buƙata. Kuɗin duba shi da gyara shi yadda ya kamata ɗan kaɗan ne a kan na sabon gini, kuma ba Najeriya kaɗai ke shan wutarsa ba, layin da ya bi ta Birnin Kabi har Yamai yake kaiwa. Abin da nake so in gani shi ne a ware wani kaso na kuɗin kowace wutar da aka sayar, a killace shi don ƙofofi da magudanai da na'urorin awo, yadda ba sai an jira kasafin kuɗi ba. A kuma riƙa kawo ƙwararru daga waje, waɗanda ba sa cin albashin mai dam, su duba shi daga sama har ƙasa duk bayan 'yan shekaru, a fitar da taƙaitaccen sakamakon a harshen da mutanen bakin kogi ke ji.

Gargaɗi ma wani ɓangare ne na sabuntawa, kuma shi ya fi kusa da ku. Sanarwar da aka buga a jarida da Turanci ba ta isa fadama. Ya kamata kowane gari ya san cewa in an saki ruwa kaza, zai iso shi bayan sa'o'i kaza, zai kuma tsaya a wuri kaza. Ana iya lissafa wannan a zana taswirarsa, sannan a kafa turaku a mashaya, a shafa musu fenti kore da rawaya da ja. Saƙon ya bi ta hannun hakimi da dagaci da sarkin ruwa, ta lasifikar masallaci da coci, ta rediyo da Nufanci da Hausa da Yarbanci. Ku ma a naku ɓangaren, rumbu da iri da takardun gida su koma kan tudu kafin Satumba, kuma wanda ke da halin famfo ya ƙara ƙarfi a noman rani, lokacin da baƙin ruwa ke riƙe da kogin ba tare da barazana ba.

Akwai hukumar HYPPADEC da ke Minna, wadda aka kafa musamman don al'ummomin da madatsun wuta suka shafa, ga kuma hukumar agajin gaggawa ta jiha. In an kira taron masu ruwa da tsaki kafin damina, ka je, ka tafi da dagacinku da sarkin noma. Za a gaya muku yawan megawat da aka farfaɗo da su, ku yaba. Sannan ka ɗaga hannu ka tambaya: yaushe rabon da a toshe gaban kowace ƙofa a ɗaga ta har ƙarshe don gwaji, kuma da wace wuta za a ɗaga ta in layi ya ɗauke cikin dare? A wace shekara aka sake lissafin ambaliyar da dam ɗin zai iya fitarwa? Sa'o'i nawa ne tsakanin buɗe ƙofa a Jebba da isowar ruwa mashayar garinku, kuma lambar wa za a kira? Ka nemi a ba ku amsar a rubuce, ka ajiye kwafi a makaranta, ɗaya a gidan dagaci.